Kafin Mu Aika Da Kuɗin Bulo Gida

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo hakan ba illa wata tafiya da ta kama ni zuwa Kano babu shiri, kuma abin da na tarar a can shi ne dalilin wannan rubutu. Mai karatu ya yi haƙuri da tsawonsa, domin magana ce da na tabbata ta shafi da yawa daga cikinmu, ko da kuwa ba mu saba zama mu tattauna ta ba.

A daminar da ta wuce, cikin watan Agusta, aka bugo wa Baba waya daga gida cewa bangon gabas na gidanmu na gado ya tsage tun daga sama har kusan rabi, kuma zanko ɗaya na soron ƙofar gida ya faɗo cikin dare. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji ciwo. Kasancewar Baba ba zai iya barin shago ba, sai ya ce in je in wakilce shi a taron da Baffa ya kira. Na isa ranar Alhamis, aka zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a cikin zauren da ni kaina na yi karatun allo a cikinsa duk lokacin da aka kai mu hutu.

Shawarar Baffa a fili take, kuma ba ta mugunta ba ce. Ya ce gidan ƙasa ya gaji, kowace shekara sai an zuba masa kuɗi, don haka a ture shi gaba ɗaya, a fitar da shaguna huɗu ta gaba, a ɗora bene na bulo da siminti ta baya, kuɗin hayar shagunan ya riƙa ɗaukar nauyin Gwaggo da marayun da ke gidan. Sannan ya dube ni ya ce, "Ka gaya wa babanku, mutanen Abuja su ne za su ɗauki kaso mafi tsoka." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, domin duk mun san yadda ake kallonmu a gida: wanda ke Abuja ai kuɗi yake shara, ko da kuwa a ɗaki ɗaya yake kwana shi da buhunan kayansa.

Ana cikin haka sai ga maƙwabcinmu, wani dattijo da ya haura shekara tamanin, ya shigo yana dogara sanda. Bayan an gaisa ya zauna a bakin tabarma ya ce da Baffa, "Alhaji, na ji kuna shawara, kuma gidanku ne, ba ni da ta cewa. Sai dai ina tuna maka cewa azarar ɗakin da nake kwana a cikin bangonku take. Kakanka ne ya ba kakana izini. Ranar da kuka ture shi, ni ma ranar zan fita." Zaure ya yi tsit. Wallahi tun daga wannan lokaci har na dawo Kuchigoro maganar nan ba ta bar raina ba.

Yadda gidan yake

Bari in ɗan kwatanta wa wanda bai san cikin birnin Kano ba. Gidanmu yana wani lungu ne tsakanin Kasuwar Kurmi da Dala, kuma ba shi kaɗai yake tsaye ba. Gidaje tara ne a jere, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, bango ɗaya ya raba gida biyu. Idan ka tsaya a bakin lungun ba za ka iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba, sai dai ka ƙirga ƙofofin zaure da indararo. Kakan Baba ne ya gina namu, lokacin yana fataucin goro zuwa Gwanja.

Da tubali aka yi shi, wato curin jar ƙasa da ake mulmulawa da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini, a shanya shi a rana har ya bushe. Magini yana jera su ne tsinin na kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa yake iya ɗaukar nauyin kansa. Rufin kuwa na azara ne, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika yi masa illa ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ɗaki ya wuce ƙafa shida ko kusa da haka, sai maginan da suka ƙirƙiro dabarar ɗaure azara a kan azara suna lanƙwasa ta har su haɗe a tsakiya, abin da ake kira bakan gizo. Zaurenmu yana da irin wannan ɗauri, kuma da yarinta nakan kwanta rigingine ina bin layukansa da ido har barci ya ɗauke ni.

Ta waje kuma akwai makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin da ake kankarowa a majema, da dafara. Waɗannan su ne rigar ruwan gidan ƙasa. Ka ga ke nan marini da majemi da magini duk sana'arsu a sarƙe take, sharar wani ita ce kayan aikin wani.

Shi kuma haɗa bangon ba ƙarancin fili kaɗai ya kawo shi ba. Gidan da ke tsakiyar jere, ɓangarorinsa biyu rana ba ta taɓa su, ruwan sama ma ba ya dukansu. Lungun da ke gabansa siriri ne, inuwa ba ta rabuwa da shi sai tsakar rana. A watan Afrilu, lokacin da ɗakina na Kuchigoro ke komawa tanda saboda rufin kwano, a soron Gwaggo har mayafi ake ja da asuba, ba fanka ba janareto. Sannan ga tsarin ciki: daga zaure sai ƙofar gida, sai shigifa, sai tsakar gida, ta yadda baƙo zai samu wurin zama a mutunce ba tare da ya ga iyali ba.

Abin da muke sha'awa a Abuja

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, da na dawo, na fara lura da wani abu da kullum nake wucewa ta gabansa ban taɓa tunani a kansa ba. Duk wanda ke bin hanyar filin jirgi, ko ya leƙa wajen Games Village da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, ko sababbin rukunin gidaje na Lugbe da Galadimawa, ya san irin gidajen nan da dillalai ke kira teras. Benaye ne iri ɗaya sak a jere, huɗu ko shida ko takwas, kowanne ya haɗa bango da na kusa da shi. Kuɗin guda ɗaya sai ka riƙe baki. Mu 'yan kasuwa mukan kai musu kaya, mu tsaya a bakin geti muna cewa Allah ya ba mu irinsa.

To jama'a, mene ne bambancin teras da jeren gidajen lungunmu? A wajen dabara babu. Bango ɗaya gida biyu, a rage kuɗin gini, a rage cin fili. Bambancin kawai shi ne wannan an zana shi a takarda an sa masa sunan Turanci, wancan kuwa kakanninmu ne suka yi shi da hannu, don haka sunansa "tsohon gidan ƙasa". Kuma in ana maganar maƙwabtaka, a teras ɗin Abuja mutum yakan shekara bai san sunan wanda suke jingina da bango ɗaya ba.

Wannan ya sa na shiga bincike a wayata game da asalin irin wannan gini, sai na tarar Turawan Ingila sun daɗe da shi, kuma suna ji da nasu tsofaffin. A wani gari da ake kira Bath akwai jeren gidaje talatin da aka gina su a lanƙwashe kamar jinjirin wata, ana ce masa Royal Crescent. An gina shi tsakanin 1767 da 1774, kuma wani mai zanen gini, John Wood ƙarami, shi ya tsara shi. Abin da ya burge ni, fuskar gidajen kawai ya zana. Kowane mai saye sai ya sayi rabonsa na fuskar, ya nemo magininsa ya gina abin da yake so a baya. Shi ya sa ta gaba suke tamkar gida ɗaya, ta baya kuwa kowa da irin nasa. Har yau akwai mutane a ciki suna zaune, kuma UNESCO ta sa garin gaba ɗaya cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Ba a banza suka kai yau ba, doka ce ta tsare su. A Ingila ana rubuta gini mai tarihi a rajista mai hawa uku, kuma duk wanda ya rushe ko ya sauya fasalin irin wannan gini ba da izini ba ya aikata laifi, ko da kuwa gidansa ne na gado. Tun 1967 kuma suka ƙara da dokar da ke kare unguwa sukutum, domin sun gane cewa kyan jere a jerensa yake, idan ka cire ɗaya a tsakiya ya zama kamar bakin da ya yi giɓi. Tsananin abin har ya kai a shekarun 1970 wata mata a wannan Royal Crescent ta shafa wa ƙofarta fenti ruwan ɗorawa maimakon fari, hukumar gari ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta shari'a har gaban minista kafin a bar mata ƙofarta. Suna kuma da wata doka ta 1996 a kan bangon da aka haɗa, wadda ta wajabta maka sanar da maƙwabcinka a rubuce kafin ka taɓa shi.

Da na karanta wannan ta ƙarshe sai na tuna da dattijon nan da sandarsa. Ai mu ba sai mun je Ingila ba. Hadisin Abu Huraira yana nan a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya yi hani ga mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a jikin bangonsa. Da wannan kakanninmu suka yi aiki, babu lauya babu takarda. Izinin da aka bayar da baki shekaru fiye da ɗari da suka wuce shi ne har yau yake riƙe da rufin ɗakin wani bawan Allah.

Mu ina tamu dokar?

Muna da ita a takarda. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, kuma tana da ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi na ƙasa. Gidan Makama da ke Kano yana ciki, haka ma badala da ƙofofinta. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, shi ma ana kula da shi a matsayin gidan tarihi. Amma ka lura da irin gine-ginen: gidan sarauta, gidan Bature, ganuwa, masallaci. Gidan talaka ko na ɗan kasuwa, balle a ce lungu guda da gidajensa, ban ga inda aka sa shi a lissafi ba.

Su kansu waɗanda aka ayyana ɗin yaya suka ƙare? Badalar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta tun ƙarni na goma sha biyu, an shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, amma duk wanda ya zagaya ya san wurare da dama an yanke ta an yi filoti, wasu wuraren an kwashe ƙasar an yi gini da ita. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. A Legas akwai wani tsohon bene a kusa da dandalin Tinubu, Ilojo Bar, irin ginin bayin da suka dawo daga Brazil, wanda aka ayyana shi abin tarihi na ƙasa tun 1956. A watan Satumban 2016 aka wayi gari katafila ta baje shi. Idan wanda ke cikin rajista ke nan, ina ga namu da ko sunansa ba a sani ba?

Abin dariya abin takaici, idan kana son ganin ginin Hausa an killace shi an share gabansa, sai ka tafi Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi badalar Kano da masallacin Zariya. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, shi ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu yana zana su. Kwafi na Jos ana biyan kuɗi a shiga kallo, na asali kuwa muna tara kuɗi mu ture.

Kuma kada wani ya ce ai gidan ƙasa ba ya karɓar irin wannan kariya. Ga Agadas nan a Nijar, inda Hausa ce harshen kasuwa. A 2013 UNESCO ta amince da tsohon garin, da gidajensa na ƙasa da lungunansa da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27, wadda ita ma da ƙasa aka yi ta. Mutane ne ke zaune a ciki, suna aure suna suna. Na taɓa raka Baba Damagaram sayen kaya, na ga gidajen unguwar Birni da Zango da zanen da ke fuskarsu, na ga yadda mai gida ke tsayawa yana nuna maka nasa da alfahari.

Gaskiyar Baffa

Kada mai karatu ya ɗauka na manta da ɗaya ɓangaren. Gidan ƙasa yana kisa idan aka yi sakaci da shi, kuma kowace damina muna jin labarin gini ya faɗa wa iyali cikin dare. Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim wajen shekarun 1830, shi ne ake kafa misali da shi a ƙwarewar ginin Hausa, amma a watan Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Duk wanda zai yi maganar adana tarihi ya fara tuna wannan.

Bayan haka, da yawa daga tsofaffin gidajen nan ba su da tagogin kirki, masai da rijiya suna kusa da juna, kwata tana bin gindin bango. Magada sun yi yawa, gida ɗaya mutum talatin ke da haƙƙi a ciki, kowa na jiran wani ya gyara. Giginya ta yi nisa, azara ta yi tsada, maginan da suka iya ɗaurin baka sun tsufa, 'ya'yansu sun koma birkila ko tuƙin adaidaita sahu. Kuma abu ne mai sauƙi gare ni in zauna a Abuja ina yabon sanyin soro, alhali ba ni ne nake kwana ina sauraron ɗigar ruwa ba. Gwaggo da kanta ta ce mini, "Ɗan nan, ni dai ko na mene ne, a yi mini wanda ba zai faɗo mini ba."

Sai dai da na kira wani tsohon magini ya duba bangon, abin da ya nuna mini ya sauya mini tunani. Ya ce gidan bai gaji ba, mu ne muka cuce shi. Shekarun baya, da kuɗin da aka aiko daga nan Abuja, an yi wa bangon filasta da siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara. Siminti da ƙasa kuwa ba sa shiri. Filastar ta tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin tubali a ɓoye, ta waje kuwa bango fes har da fenti. Ga indararo ɗaya ya karye tun bara waccan ba wanda ya kula, ruwan rufi yana sauka a jikin bango. Ga kuma titin lungu da aka ɗaga ya fi dandaɓen gida tudu. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gyaran da ya lissafa mini gaba ɗaya bai kai kuɗin harsashin benen da Baffa ke magana ba, musamman in aka tuna cewa a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama.

Laifinmu mu mazauna waje

A nan ne nake son mu yi wa kanmu adalci. A ganina, ba ruwan sama ne ya fi rushe tsofaffin gidajen Kano da Zariya da Katsina ba, kuɗinmu ne, mu da muka fita nema. Gwaggo ba ta da kuɗin hayar katafila. Wanda ke da shi shi ne ɗan da ke Abuja ko Legas ko Fatakwal, wanda yake son a san ya samu, kuma hanyar da ya sani ta nuna hakan ita ce ya mayar da gidan ubansa irin wanda yake gani a inda yake zaune.

Kuma zaman da muke yi a nan ya koya mana wata ɗabi'a. Tun da aka kafa Abuja da dokar 1976, aka kuma dawo da gwamnati cikinta a Disambar 1991, gari ne da ake zana shi a takarda kafin a gina, duk abin da bai dace da takarda ba kuwa jan fenti ne rabonsa. Iyayenmu sun ga rusau na tsakanin 2003 da 2007, Baba kansa ya rasa rumfa a lokacin. A Kuchigoro mu ma a jere muke, ɗaki na jingine da ɗaki, har hirar wayar maƙwabcinka kana ji. Amma wa zai kashe kuɗi ya ƙawata ɗakin da bai san ko zai kai baɗi ba? Mun saba da gini na wucin gadi, a yi a rushe a sake, har muka ɗauki wannan tunani muka kai shi gida, inda gini ke shekara ɗari biyu.

Mu dubi masu masaukinmu ma. Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, su muka tarar a wannan wuri, da ɗakunansu da rumbunansu da gonakinsu. Yau a Kuchigoro sai ka yi da gaske kafin ka ga gini irin na kakanninsu. Su ba da son ransu ba ne, birni ne ya zo ya same su. Mu kuwa ba wanda ya tilasta mana, da hannunmu muke yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Abin da nake gani

Ban ce kowane gidan ƙasa sai an bar shi ba. Wanda ya riga ya mutu a fitar da mutane a ture shi, rai ya fi gini. Amma kafin ka tura kuɗin bulo, ɗan'uwa, ka yi abu uku. Ka nemo maginin gargajiya ya duba, ba ɗan kwangilar da ribarsa ke cikin rushewa ba. Ka tambayi maƙwabcin da kuka haɗa bango, domin haƙƙinsa ne a addini tun kafin a zo maganar tarihi. Sannan ka lissafa kuɗin gyara da na sabon gini, har da kuɗin fanka da man janareto da za ka ɗora wa tsofaffi har ƙarshen rayuwarsu.

Gyara kuma ba ya nufin a zauna yadda aka zauna a zamanin Dabo. Ana iya fitar da banɗaki na zamani da bulo a can ƙuryar gida nesa da bangon ƙasa, a ja ruwan famfo da wuta, a ƙara taga, a gyara magudana, a ɗaure gindin bango da dutse. Turawan Bath ma ai ba da fitilar aci-bal-bal suke kwana ba. Abin da za a riƙe shi ne zaure da fuskar gida da bangon da aka haɗa.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari da ke taro duk wata a nan Abuja, muna tara kuɗin biki da na jana'iza da na gyaran maƙabarta. Me zai hana a ware wani abu domin yaɓen lungu guda kafin damina, a haɗa gidajen gaba ɗaya a ba magini ɗaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma idan magini ya san yana da aiki duk shekara zai koya wa ɗansa. Su kuma hukumomi da masarautu, ina ganin lokaci ya yi da za a zaɓi ko da lunguna kaɗan ne a cikin birni a ce waɗannan an kare su a jerensu. Amma kariyar ta zo da taimako. Idan ka hana talaka rushe gidansa ba ka ba shi ko azara ɗaya ba, ka ɗaure shi ne kawai, kuma zai bar indararo a karye har ruwa ya yi masa aikin da ka hana shi.

Game da namu gidan, ba a gama magana ba. Da na kawo wa Baba rahoto ya yi shiru, can ya ce a zauren nan aka ɗaura aurensa, a nan kuma aka sallaci mahaifinsa. Ya buga wa Baffa waya suka daɗe suna magana, aka tsaya a kan cewa a ɓamɓare filastar, a ɗinke tsagar, a sauya indararo, a mayar da zanko, a ga yadda damina mai zuwa za ta kasance. Baffa ya yarda amma bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma maganar abin da marayu za su ci tana nan, dole mu nemo mata amsa. Dattijon nan dai har yanzu yana kwana a ɗakinsa.

Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda irin wannan taro ke jiransu a gida, wataƙila ma an riga an yanka musu nasu kason. Ina roƙon ku da ku je da ƙafarku ku duba kafin ku tura kuɗi. Inda na yi kuskure kuma manya su gyara mini, ni yaro ne, iyakar abin da na gani na faɗa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, ya sa mu koma gida lafiya.